Mamana Ta Ƙaga Min Saurayi, Ta Kai Shi Ƙasar Waje

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan dawo ina da-na-sani. Raina a ɓace yake, in kin ga maganata tana hawa tana sauka ki yi haƙuri, haka take a cikina. Kada ki sa sunana, gidanmu ya sha kunyar da ta ishe shi.

Shekarata talatin da shida, ban taɓa aure ba, kuma ba ni na ƙi ba. Ki fara riƙe wannan, don shi ne abin da mutane suka kasa ganewa. Ban kori kowa ba, ban ce sai mai mota ba, ban ce sai na gama wani dogon karatu ba. Ba a zo ba ne kawai. Ba ni da wata nakasa, ba ni da tsiwa, na iya girki, na iya gaida mutane. Kuma ni ma mutum ce, jini ne a jikina ba ruwa ba. Na riƙe kaina duk shekarun nan, kuma Allah ne kaɗai ya san yadda riƙon yake. Masu ce min in ƙara haƙuri galibinsu daga ɗakin mazajensu suke fitowa su faɗa min.

Ina aiki a shagon tabarau. In likita ya gwada idon mutum, ni nake taya shi zaɓe, in ɗora masa a hanci, in lanƙwasa hannun tabarau ɗin in yana matse masa kunne. Wuni nake fuskata tana dab da fuskokin mutane, har na san wanda ya karya da wanda ya fito da yunwa. Amma ba wanda ya taɓa kallona ta cikin sabon gilashinsa ya ce, baiwar Allah ina ne gidanku. Sai dai su ce yanzu suna gani garau, su yi godiya su fice.

A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki inda injin yanka gilashi yake. Mutumin da ke aiki a ciki muna kiransa Na-Baya. Ya haura arba'in, shi ma bai taɓa aure ba. Ba ya da yawan magana, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce kyakkyawa ne ba, amma mutum ne mai natsuwa, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Akwai wata ƙaramar taga tsakanin ɗakinsa da inda nake zama, ta nan nake miƙa masa aiki. Wasu shekaru da suka wuce ya fara wani abu. Maimakon ya turo aikin ta taga sai ya zagayo da ƙafarsa ya kawo min. Ya gyara min kujerata da ke gurguncewa ba tare da na roƙe shi ba. Yana tambayata jikin Mama, yana tambayar wace mota nake hawa in na tashi. Ni ba yarinya ba ce, na gane. Na fara tsayawa a gaban madubi da safe fiye da yadda na saba.

Sai kawai abin ya mutu. Ya koma turo aiki ta taga, daga ina kwana sai sai gobe. Na yi ta binciken kaina. Na ce ko dariyata ce ta yi yawa, ko ya ga furfurar da ta fara fito min a gefen goshi, ko ya lura da yadda haƙorina na gaba ya hau ɗan'uwansa. Shekara huɗu ina ɗora wa fuskata laifin.

Satin da ya wuce wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta zo a ɗaure mata tabarau. Ina cikin murɗa mata ƙusa, shago cike da mutane, ta ɗaga murya kamar yadda kurame suke yi ta ce, "'Yar nan, wai yaushe mutumin naki zai dawo ne? Uwarki ta ce an sake mayar da shi wata ƙasar. Ki ce masa tsufa ba ya jiran injiniya." Na yi dariya na ce Iya kin ɗauke ni wata ce. Ta ce ita ba ta ruɗe ba, kowa a layinmu ya san an yi min miji yana ƙasar waje.

Da ta tafi na juya ga abokiyar aikina mai karɓar kuɗi don mu yi dariyar tare. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ai su ma sun daɗe da sani, sun ɗauka ɓoyewa nake saboda baki. Na ce wa ya gaya muku. Ta ce Na-Baya. Wai ya taɓa tura yayarsa gidanmu, ta dawo ta ce masa ya cire rai, an riga shi.

Anti, ban san yadda na ƙarasa wunin nan ba. Ina shiga gida na tarar da Mama tana ninke zannuwan gado, don sana'arta ke nan, a ɗaki take sayarwa. Na tambaye ta. Ta yi tsuru-tsuru, ta ce wa ya faɗa min, sai kuma ta zauna a bakin gado ta fara kuka, wai ni za ta ba wa tausayi.

Ga yadda aka yi. Bayan rasuwar Baba, a wani taron dangi, wata ƙanwarsa ta yi mata habaici cewa wasu sun ajiye 'ya'ya a gida kamar kayan ado. Mama ta ji zafi ta ce ai an riga an yi min miji, yaron yana aiki a ƙasar waje. Ta ce ta faɗa ne don a rufe mata baki na rana ɗaya. To amma washegari wata ta tambaye ta aikin me yake, ta ce injiniya ne. Aka tambayi ƙasar, ta kama sunan wata ta faɗa. Da ɗan maƙwabcinmu ya samu tafiya can, uwarsa ta zo har ɗaki ta ce a ba da lamba su gaisa, sai Mama ta ce ai an ɗauke shi an kai shi wata ƙasar. Da wata ƙawarta ta ce surukinta yana waccan ɗin, ta sake kwashe shi. Ƙasa uku mutumin nan ya zauna, ni ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Har jakar da ta saya min na yi ta murna ina ratayawa zuwa aiki, ashe ta gaya wa mutane shi ya aiko. Ina tafiya a layi ana kallona ana cewa kayan waje daban ne.

Na ce to yayar Na-Baya fa? Ta ce ita ba ta san wata yayar kowa ba. Da na kwatanta mata lokacin sai ta tuna. Wata mata ce ta zo wai sayen zanin gado, ta zauna tana juya kaya tana leƙe-leƙen ɗaki, ta yaba tsaftar gidan, can ta ce, "Hajiya, ita 'yar taki mai aikin tabarau har yanzu tana gida?" Matar ta zo ganin gida ne a ɓoye, ba ta son ta faɗi abin da ya kawo ta kafin ta san inda aka kwana. Mama kuma da ta ji an ce har yanzu, sai ta ɗauka gori ne aka zo yi mata har cikin ɗakinta. Ta gyara zama ta zuba mata injiniya, da ƙasarsa, da jakarsa. Ta ce har ta ji daɗin yadda matar ta ajiye zanin ta tashi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, wannan matar da ta kulle min ƙofa ita ce take zama kusa da ni bayan sallah tana ɗaga hannu, Allah ya kawo wa 'yata miji nagari. Ina cewa amin har da hawaye. Ban san mutum nawa suka tambaya aka kore su ba. Na-Baya ne kaɗai na sani, amma wa ya san ko akwai wani malami, ko wani direba, ko wanda matarsa ta rasu, da ya aiko a ji masa aka ce ya makara? Ta ce don ta rufa min asiri ta yi. Nata asirin ta rufa, ni binne ni ta yi.

Kuma ƙanena ya sani. Shekararsa talatin da biyu, shi ma yana nan a ɗakinsa ba mata. Da na tsare shi sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ya ɗauka da sanina aka shirya. Ya ƙara da cewa in daina ɗora wa Mama, wai mace ba ta rasa miji sai in ta ga dama, maza ne suke cikin bala'i. Yana cikin wata ƙungiya a waya ta tuzurai daga ƙasashe daban-daban, wuni suke suna zagin mata, wai mun raina su, wai duk mun taru a kan masu kuɗi. Yana nuna min saƙonninsu kamar ya kawo min hujja. Na ce masa ga ni a gabanka, ɗaki ɗaya ne tsakaninmu, wane mai kuɗin ka ga na bi? Ya ce ni daban ce. Anti, ke da wasiƙu suke zuwar miki daga ko'ina, don Allah gaya min gaskiya, wai maza ne kaɗai suke zaune ba da son ransu ba? Ko ni kaɗai ce macen da aka manta a duniya?

Yanzu ga inda ake. Abokiyar aikina ta ce dangin Na-Baya sun gaji, sun samo masa wata, kuma yayarsa tana shirin zuwa gidan su yarinyar a ƙarshen watan nan. In zan yi magana, yanzu ne. Amma in na yi, na tona cewa uwata ta yi shekaru tana yi wa layi guda ƙarya, har da dangin Baba da suke jiran abin da za su kama. Mama tana da hawan jini.

Da na gaya mata, kin san shawarar da ta kawo? Wai mu kashe shi. Mu ce ya yi hatsari a can ya rasu. Ta ce mutane za su zo su yi mana ta'aziyya, su tausaya min, in an kwana biyu sai a ji ina nan ba kowa. Har ta fara tunanin wace tabarma za a ara. Wato in zauna in sunkuyar da kai ana ce min Allah ya ji ƙansa, in yi zaman makokin wanda ba a haifa ba, shi kuma mai rai da ke bayan taga yana can ana kai masa gaisuwa wani gidan. Wallahi ji na yi kamar in haɗa kayana in bar mata gidan da injiniyanta.

Tun ranar ban ci abincinta ba, ina gaida ta ne a tsaye. A shago kuma in na miƙa aiki ta taga, sai in yi maza in juya. In tona ta in ceci kaina, ko in rufa mata in rasa shi? Ki gaya min, don ni in na buɗe baki yanzu ba alheri ne zai fito ba.

Taki,
Wadda aka yi wa miji da baki

*

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ce ki daina fushi ba. An cuce ki, kuma wadda ta cuce ki tana sonki. Shi ya sa abin yake ci miki rai ta gefe biyu.

Bari in fara da tambayar da kika yi min, don ita ce mai sauƙi. A'a, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba maza kaɗai ba ne. Ni ba ni da ƙididdigar duniya, amma ina da abin da ake rubuto min, daga nan kusa da kuma daga masu karatu da ke zaune a ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Maza suna rubutowa, mata suna rubutowa. Wani a inda yake tsadar aure ce ta tsayar da shi, wata aiki ne ya jefa ta garin da ba ta san kowa ba, wani kunya ce, wata kuma jinyar iyaye ta cinye mata shekaru. Bambancin da nake gani shi ne, maza sukan taru su yi ihu har a ji su, mata kuma sukan shiga ɗaki su rufe ƙofa, gidansu ya taya su ɓoyewa. Daga nan sai namiji ya leƙa bai ga kowa ba, ya ce ai mata ba su da matsala. Ƙaninki yana cikin ciwo iri ɗaya da naki, ya samu masu koya masa ya mayar da shi zagi. Ki ajiye maganarsa zuwa gaba, ba ita ce gabanki yanzu ba.

Sai Mama. Abin da ta yi ba daidai ba ne, kuma ba zan shafa masa mai ba. Ƙaryar rana ɗaya ana iya fahimtarta, amma ta shekaru, da jaka, da sauya ƙasa, wannan ta san tana yi. Ta fifita bakin mutane a kan rayuwarki. Sai dai ki duba matar da ta yi hakan: mijinta ya rasu, dangin miji sun sa ta gaba, an yi mata gori har ta daina bambance mai gori da mai neman alheri. Tsoro ne ya sa ta, kuma tsoron ne yake sa ta neman tabarmar aro yanzu. Ki ci abincinta. Yunwarki ba za ta warware komai ba, kuma za ki buƙace ta a abin da zan faɗa.

Maganar kashe shi, babu ita. Ki gaya mata a natse, sau ɗaya, cewa ba za ki zauna karɓar gaisuwar ƙarya ba. Wanda ya mutu yana da iyaye, yana da kabari, yana da hoto, kuma duk za a tambaya. In kuma Allah ya sa kika auri mutumin nan, za ki shiga gidansa da gawar da sai kin yi ta tunawa da ranar mutuwarta.

Kin ɗauka hanya biyu ce kawai, ki tona ta ko ki rasa shi. Ba haka ba ne. Layinku ba su da haƙƙin jin komai. Duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya ce daga bakinki da nata: babu wannan maganar. Kada ku ƙara, kada ku yi bayani. Za a yi gulma na ɗan lokaci, sannan a samu wata. Mutum biyu ne kawai suke da haƙƙin gaskiya, shi da yayarsa.

Shi, ke za ki gaya masa, kuma cikin satin nan. Kada ki aika abokiyar aikinki. Aike da kewaye-kewaye ne suka kawo ku nan tun farko: shi bai tambaye ki ba, yayarsa ta ɓuya a bayan zanin gado, Mama ta ɓuya a bayan injiniya. Ki zagaya da ƙafarki lokacin da shago ya yi sauƙi, ki ce masa labarin da yayarsa ta kai masa ba gaskiya ba ne, ba a taɓa yi miki miji ba, kuma ke ma yanzu kika ji. Iyakar nan. Ba cewa za ki yi ya aure ki ba, gyara ƙarya za ki yi a kan sunanki, kuma babu zubar da aji a cikin wannan.

Yayarsa kuma aikin Mama ne. Ita ta faɗa, ita za ta warware. Ki gaya mata wannan ne abin da kike nema a wurinta, ta sa mayafinta ta je ta ce wa matar ta ɗauka gori aka zo yi mata, bakinta ya riga hankalinta. Zai yi mata nauyi, amma kunyar ɗaki ɗaya ce, ba ta layi ba, kuma kowace uwa mai 'ya a gida za ta gane. In ta je, ki yafe mata da gaske, kada ki riƙa jawo maganar duk ranar da kuka saɓa.

Ba zan yi miki alƙawarin da ba nawa ba. Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce. Wataƙila zuciyarsa ta tashi daga kanki. In kuma kika ji an riga an ba wa waccan yarinyar magana, ki tsaya nan, don ita ma 'yar wani ce, wataƙila ita ma ta daɗe tana jira. Amma ko ya dawo ko bai dawo ba, ki daina tuhumar haƙorinki da furfurarki. Mutum ya zauna kusa da ke shekara da shekaru, ya ga dariyarki da fushinki da gajiyarki, kuma da ya gama gani sai ya tura gidanku. An so ki, 'yata, labarin ne bai iso gare ki ba.

Ki wanke fuskarki, ki gaida Mama a zaune, gobe ki shiga ɗakin injin nan ki faɗi gaskiyarki. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba Mama lafiya da ƙarfin ƙafar zuwa, ya zaɓa miki abin da za ki ji daɗinsa.

Antinki